Yadda Mai Ido Ya Raba Tagwaye

Autata ce ta fara gaya mini labarin akwatin gwaji, tana zaune a bakin gadona tana yanke mini farce. Ni da na ji an ce akwati na ɗauka na ƙarfe ne mai kwaɗo. Ta ce a'a Inna, ba a ganinsa, cikin waya yake zaune. To na yarda, tunda iska ma ba a ganinta, kuma tana kwashe wa mutum shanya. Sai dai kafin a zo kan akwatin, dole a fara da mutumin da ya fi akwatin, don shi ma haka zai so a fara.

Kawunta ne, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goye shi. Allah ya yi masa baiwar da bai yi wa kowa ba a zuriyarmu, wato ido. Ba idon ganin hanya ba, wannan kam ko da tabarau sai ya taka wa mutum ƙafa. Idon sanin abin da jama'a za su so tun kafin su san suna so. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma mutum ne da ba ya yi wa kansa ƙarya, sai dai ƙari. A wurin aiki Mai Ido suke ce masa. Da ya ji sunan bai tsaya tambayar da wace murya aka fara faɗinsa ba, ya karɓa hannu biyu, har ya sa aka rubuta masa a jikin kofin shayinsa.

Kamfanin da suke aiki, shi da autar, manhajar kama kujerar mota suke yi. Mai tafiya yana kwance a ɗakinsa zai danna waya, a ajiye masa kujera kusa da taga. Idan suna so su canja wani abu a cikinta, ko launin wurin dannawa, ko a mayar da shi sama, ko a rage surutun da ke jiki, ba sa canja wa kowa lokaci ɗaya. A nan akwatin yake shigowa. Shi ne zai raba matafiya gida biyu ba tare da sun sani ba, rabi su ga tsohon fasali, rabi su ga sabo, yana gefe yana lura da wanda ya fi sa mutane kama kujera. Wasu mutane ne can daban suke ƙera shi, kamfanoni su ɗauka su dasa a cikin manhajarsu. Lokaci lokaci masu ƙerawar su aiko da gyara, a ce an sabunta.

Tsohon akwatin bebe ne. Lambobi kawai yake zubowa, kamar sikelin da zai nuna maka allura ya yi shiru, saye ko bari ya rage naka. Dole a sami mai duba lambobin ya yanke hukunci. Wannan ita ce kujerar Mai Ido, kuma a gaskiya ba a taɓa zama a kan kujera an cika ta haka ba.

Ranar hukunci yakan sa a sauke labulen ofishinsa. A shimfiɗa ƙyalle mai laushi a kan tebur, a jera wayoyi biyu, ɗaya da tsohon fasali, ɗaya da sabo. Ya cire tabarau, don a cewarsa gilashi yana shiga tsakaninsa da gaskiya. Ya sunkuya ya dubi wannan, ya ja baya ya dubi waccan, ya rufe ido ɗaya, ya yi wani ƙaramin nishi irin na wanda aka ɗora wa nauyin al'umma. Ma'aikata suna tsaye a bakin ƙofa, ba mai tari. Can sai ya ɗora yatsa a kan ɗaya. An gama. Sai bayan nan ne yake waiwayar lambobi, shi ma don kada a ce ya wulaƙanta baƙo. Idan sun dace da yatsansa ya ce, “Kun gani, har na'ura ta fara koyo.” Idan sun saɓa ya ce, “Jama'a ba su waye ba tukuna, za su iso inda nake.” Ta haka ya yi shekaru bai taɓa kuskure ba. Ni ban san wani mahaluƙi da aka yi wa wannan sutura ba.

A gida ma bai bar mu haka ba. Ya taɓa zuwa ya tarar na sayi buta biyu, ya tsaya a kansu ya zaɓa mini wadda ruwanta zai fi albarka. Autar kuwa tun ranar da ta fara aiki ya kira ta gefe ya ce kalmar Kawu ta tsaya a bakin ƙofar kamfani tare da laima. A ciki Yallaɓai ne. Yarinya mai biyayya, ta riƙe. Ita aikinta shi ne idan gyaran akwati ya zo ta dasa shi, ta tabbatar bai karya komai ba.

Ana nan sai ga sabuntawa ta iso, babba, ba irin ƙananan da aka saba ba. Abu uku ta zo da su, na riƙe su don autar ta maimaita mini har na haddace kamar addu'ar shiga kasuwa. Na farko, duk wanda aka jefa a wani gida, can zai zauna ko ya canja waya, ba kamar da ba da mutum zai ga kore da safe ya ga shuɗi da yamma ya ɗauka idonsa ne. Na biyu, an sa makunni guda, idan sabon abu ya zo da ɓarna a kashe shi nan take, ba sai an tashi kowa daga cin abinci ba. Na ukun shi ne ya taɓa ƙanena. Akwatin ya yi baki. Yanzu idan mutane sun wuce da yawa yadda ya gamsu, shi da kansa zai ce wannan ya ci, ko wancan ya ci, ko kuwa babu bambanci. Kafin ya gamsu kuma ko za a yi masa kuka ba zai ce uffan ba.

Mai kamfanin mace ce marar hayaniya, irin mutanen da ke shan ruwan zafi ba ganye ba sukari. Da hannunta ta rubuta manhajar farko kafin ta ɗauki kowa aiki, don haka ba a yi mata rufa-rufa. Ta tara su a ɗakin taro, aka yi bayanin sabuntawar, ta saurara har ƙarshe. Sannan ta juya wurin Mai Ido a hankali ta ce, tunda akwatin yanzu yana yanke hukunci da kansa, tana so su zauna su duba abin da za a yi da kujerarsa.

Wani da ya ji haka sai ya rikice a gaban kowa. Shi ma ya rikice, amma ta ciki. Ya ji kujerar tana zamewa daga ƙarƙashinsa, da labulen, da ƙyallen, da tsayuwar da ake yi masa a bakin ƙofa. Ya tuna ya riga ya gaya wa surukansa cewa kamfanin ba ya motsi sai ya ɗaga yatsa. Sai ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya yi abin da ya fi iyawa.

“Ranki ya daɗe, ina taya na'ura murna da ta fara magana. Kowane jariri da ranar da yake fara cewa baba. Amma a tambaye ta, ta taɓa shiga mota? Ta taɓa zama kusa da mai buhun albasa tun safe har la'asar? Ta san abin da zuciyar matafiyi take ji idan ya ga launin da ya yi masa? Ni na sani. Ni ba ƙirga mutane nake yi ba, karanta su nake yi. Abin da wannan akwati zai yi kwana da kwanaki yana lalube, ni kallo ɗaya nake yi masa. A gwada mu. Duk gwajin da ke tafiya yanzu, a ba ni. In faɗi wanda zai ci tun yau, shi kuma ya je ya yi ta ƙirge-ƙirgensa. Ranar da ya buɗe baki, idan bai faɗi abin da na faɗa ba, ga kujera nan, a ba shi ya zauna.”

Ya nuna babban allon da ke jikin bango, inda layi biyu suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, na gidan farko da na gida na biyu. Ya ce, “Wancan ma ya isa.”

To ga inda abin yake. Su masu wannan aiki suna da wata ɗabi'a. Duk lokacin da aka sabunta akwati, ba sa fara auna komai da shi sai sun auna shi kansa, kamar yadda mai sikeli yake fara duba allura ba kaya a kai. Sai su ba shi abu ɗaya sak sau biyu, su ce raba wa mutane. Gidan farko su ga fasali, gida na biyu su ga wannan fasalin dai, ba a canja ko ɗigo ba. Gwajin tagwaye suke ce masa. Idan akwatin ya dawo ya ce babu bambanci, lafiyarsa ƙalau. Idan ya ce wani ya ci, to gyaran ya zo da cuta. Gwajin da ke kan allon nan ke nan, kuma autar ce ta kunna shi da hannunta. Mai Ido bai san da wannan ɗabi'a ba, don abu ne da ake yi a ɗakin da babu labule.

Autar ta ɗaga hannu. “Yallaɓai, wannan gwajin ai...”

“Idan manya suna magana da na'ura, yara su saurara.”

Ta dubi mai kamfanin. Mai kamfanin ta buɗe baki, ta dubi ƙanena yadda ya tsaya ya riƙe ƙugu, ta mayar da bakin ta rufe, ta kurɓi ruwan zafinta. Ta ce ta yarda.

Aka sauke labule, aka shimfiɗa ƙyalle, aka jera tagwaye. A ranar kuwa layin gida na biyu ya ɗan ɗara na farko da kaɗan, irin ɗarawar da ba ta da dalili, kamar yadda yau za a fi shiga ta ƙofar hagu gobe ta dama. Ba na cewa ya leƙa allon kafin ya shiga ba, Allah ya tsare ni da zato. Na dai ji an ce ya daɗe yana ɗaura igiyar takalmi a gaban allon, takalmin kuma ba shi da igiya.

Ya fito ya tara su.

“Na biyu ne. Ban ma san yadda za a haɗa su ba. Ku dubi korensa, kore ne mai natsuwa, koren da ya san inda za shi. Na farkon kuwa kore ne mai gaggawa, yana kama da wanda ake bi. Ku dubi rubutun na biyu yadda yake numfashi. Matafiyi yana gani zai ji kamar an ce masa sannu da zuwa, ga ruwa. Wanda ya zana na biyu ya saurari shawarwarina, ko bai faɗa ba na ga hannuna a ciki. Wanda ya zana na farko kuma, ba zan kama suna ba, amma ya nemi wata sana'a tun da sauran ƙarfinsa.”

Mai zanen yana tsaye a wurin, mutum ɗaya, an yabe shi an kore shi a numfashi guda. Ya rasa wanne zai amsa, sai ya ce na gode.

Da yamma autar ta shigo mini ko jaka ba ta ajiye ba. Ta ce Inna ki yi wa ƙaninki magana, zai tsiraita kansa a gaban mutane, ni ya hana ni buɗe baki. Ta warware mini komai. Na aika a kira shi, ya zo bayan kwana biyu, don manya ba sa amsa kira a ranar da aka yi shi. Ya zauna a kujerar da ta fi tsayi, ya karɓi shayi, ya duba kofin ta kowane gefe.

Ban yi masa kwana-kwana ba. Na ce, “Ɗan uwana, abin nan biyu da ka zaɓi ɗaya, abu ɗaya ne. 'Yarka ce ta zuba su da hannunta. Ka je wurin matar nan a asirce ka ce ka janye, tun akwatin bai yi magana ba.”

Ya yi murmushi irin wanda likita yake yi wa mai jinyar da ya zo da maganinsa daga gida.

“Yaya, ke da ko sunanki aka rubuta sai an nuna miki, ke za ki gaya mini abu ɗaya ne?”

“Ban iya karatu ba, amma na iya jin magana. An ce ɗaya ne.”

“Haka ido na gama-gari yake gani. Ai da kowa yana ganin bambancin, da ba a ajiye ni ba. Kuma bari in gaya miki abin da ba ki sani ba. Yaran nan sun ga zan kayar da na'urarsu, shi ne suka zagayo ta bayan gida suka aiko ki. Dabara ce mai kyau, na yaba. Ki gaya wa 'yar taki Kawunta ya girmi wannan.”

Autar daga ƙofar kicin ta ce, “Kawu, wallahi fayil ɗaya ne na saka sau biyu.”

“Ko fayil ɗaya ne, ai ba lokaci ɗaya kika saka su ba. Na biyun ya zo hannunki ya riga ya saba.”

Daga nan na san magana ta ƙare. Na ce Allah ya rufa asiri, ya ce amin, yana tsammanin na'urar nake yi wa addu'a.

Sai layukan suka fara wasa da shi. Bayan 'yan kwanaki sai layin gidan farko ya haura, na biyu ya koma ƙasa. Ya shigo da safe ya gani, ya tsaya. Ya shige ofis ya sauke labule da kansa. Ya fito wajen azahar fuskarsa a sake.

“Akwai waɗanda suka fahimce ni a gurguje ranar nan. Na ce na biyu ya fi kyau, ban ce ya fi daɗewa ba. Kyan na biyu irin na baƙo ne, kwana kaɗan a saba da shi. Na farko shi ne ɗan gida. Wannan gaggawar da na ambata a korensa, ita ce himma. Matafiyi mutum ne mai sauri, yana son launin da zai ce masa tashi mu je. Duk wanda ya saurare ni da kunnen basira ya san inda na dosa tun farko.”

Mai zanen da aka ce ya nemi wata sana'a aka kira shi gaba aka dafa masa kafaɗa.

Bayan kwana kaɗan sai na biyu ya sake hawa. Ƙanena ya sake fitowa ya yi bayanin cewa baƙon kirki shi ne wanda yake zama ɗan gida. Da na farko ya dawo, ya ce jini ba ya ɓuya. Ma'aikata suka daina zuwa shan iska a waje, kowa ya ɗauko kofinsa ya zo jin tafsirin safe. Wani daga cikinsu ya fara gaishe da abokinsa da, “Ina kwana, yaya numfashin rubutu?” Shi kuwa da ya ga taron yana ƙaruwa, ya gaya wa matarsa cewa bai taɓa sanin ana ƙaunarsa haka ba. Amma ya rame. Ya daina cin abincin rana a teburinsa, ya koma ci a tsaye a gaban allo, cokali yana hawa yana sauka tare da layi. Autar ta ce da ta gan shi haka sai da ta shiga banɗaki ta share hawaye, ta fito kuma ta tarar yana yi wa mai gyaran na'urar sanyi bayanin halayen kore, dariya ta kusa kashe ta. Haka ɗan uwa yake, ba ya barin mutum ya ji tausayinsa har ƙarshe.

Ranar da akwatin ya gamsu, wata 'yar fitila ta kunnu a gefen allo, aka san hukunci ya nuna. Mai kamfanin ta ce kada a buɗe sai kowa ya hallara. Ƙanena ya zo da sabuwar riga, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga ɗakin. Tun kafin a zauna ya saci kallon layuka, ya ga sun manne da juna kamar an ɗinke, na biyu ya ɗan leƙo da abin da bai kai gashin gira ba. Ya kama wannan gashin da hannu biyu.

Mai kamfanin ta ce, “Don kada a samu saɓani, faɗa mana na ƙarshe. Wanne ne?”

“Na biyu, ranki ya daɗe. Inda na fara nan na tsaya. Ni ba mai magana biyu ba ne.”

Ba wanda ya dubi wani. Ta ɗauko wayoyin nan biyu daga aljihun tebur, ta juya su a hannu kamar mai wasa, ta ajiye a gabansa ba ƙyalle. Ta ce to ya nuna wa jama'a na biyun, su ma su ƙaru.

Ya cire tabarau. Ya sunkuya, ya ja baya, ya rufe ido ɗaya. Ya ɗora yatsa a kan ta dama.

“Ga shi nan yana kirana. Ko a cikin duhu zan gane shi. Ku dubi natsuwar nan, ku dubi wancan kuma yadda yake rawar jiki.”

Ta gyaɗa kai, ta sa aka buɗe hukuncin. Rubutu ya fito manya-manya, ɗaya daga cikin ma'aikatan ya karanta: babu bambanci.

“To kun gani,” in ji ƙanena, har da tafa hannu sau ɗaya. “Makaho ne. An kawo mana makaho daga nesa an ce ya yi mana jagora. A mayar musu da kayansu.”

Mai kamfanin ta bari ya gama. Sannan ta faɗa masa da muryar da take tambayar ko an ga makullin mota. Ta ce gwajin tagwaye ne, fasali ɗaya aka zuba wa gida biyu don a auna lafiyar akwatin, kuma ga shi ya nuna lafiyarsa lau. Ta ce wayoyin da ke gabansa ma, da ta ɗauko su da safe ta tarar duk a gidan farko akwatin ya jefa su, ba ta ga dalilin canjawa ba.

Yatsansa yana nan a kan ta dama. Ya dube shi kamar yatsan wani ne aka manta a wurin. Ya janye shi a hankali ya sa a aljihu. Wani bawan Allah a nan zai nemi ƙasa ta tsage. Amma na gaya muku baiwa ce. Ya mayar da tabarau, ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ya yi gyaran murya.

“Alhamdu lillahi. Yanzu hankalina ya kwanta. Kuna tsammani ban sani ba? Tun kallon farko na gane. Na ce bari in matsa wa wannan na'ura, in yi ta yabon ɗaya ina kushe ɗaya da ƙarfi a gabanta, in ga ko za ta ji kunyata ta bi bayana. Ba ta bi ba. Ta ci jarrabawata. Ranki ya daɗe, ina mai ba da shawara a riƙe ta.”

Autar ta ce ta sunkuyar da kai har goshinta ya taɓa tebur. Mai kamfanin kuwa ta daɗe tana kallonsa, kallon wanda ya tsinci wani abu a hanya yana tunanin inda zai yi amfani. Ta ce ta karɓi shawara. Hukunci daga yau na akwati ne, kujerar ta tashi, ofishin mai labule za a mayar da shi wurin taron ƙananan ƙungiyoyi. Amma ba za ta bar irin wannan ido ya tafi a banza ba. Ta naɗa shi Babban Mai Tabbatar da Lafiyar Ma'aunin Gwaje-gwaje na Kamfani Baki Ɗaya. Ya ƙirga kalmomin a zuciyarsa, ya ga sun fi na tsohon muƙamin yawa, ya miƙe ya yi godiya. A daren Juma'ar da ta biyo ya zo ya gaya mini an ƙara masa girma, na ce Allah ya sanya alheri, don ban ga abin da zan ƙara a kan abin da Allah ya riga ya yi ba.

Akwatin yana nan yana aikinsa. Makon jiya ma an sake sabunta shi, wai yanzu yana iya raba mutane gida uku har huɗu, yana ta jefa matafiya nan da can ba su sani ba, idan ya gamsu ya faɗi magana ɗaya ya yi shiru. Kuma duk sanda gyara ya zo, autar takan kunna gwajin tagwaye, ta ɗauki waya biyu ta kai wa Kawunta a sabon teburinsa da ke lungu kusa da injin buga takardu. Ya cire tabarau ya duba, ya yi musu jawabi. Idan shi ya ga bambanci akwatin bai gani ba, sai su ce ma'auni lafiya, kowa ya koma bakin aikinsa. Mai kamfanin ta ce ba ta da ma'aikacin da take dogara da shi kamarsa, don tun da aka ba shi aikin nan bai taɓa kasa gani ba ko sau ɗaya.